Hayaƙin Jif ɗin Alhaji Sahabi

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane a Bodinga, tsatsa na zubo mini a ido, ƙarfe mai zafi na ƙona mini dantse, kuma duk na saba. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne maganar samarin yanzu. Sai su tsaya a bakin rumfata, hannu cikin aljihu, su kalle ni su ce ai gyaran salansa liƙe bututu ne kawai, duk wanda ya iya waldar ƙofa ya iya shi. Wani ma mako uku aka koya masa walda, aka ba shi takarda da inji, yanzu ya rubuta “ƙwararre” a jikin kwali ya kafa a bakin titi. Wallahi duk ranar da na ji wannan magana sai abinci ya fita raina. To ku matso, zan ba ku labarin mota guda ɗaya tak. In kun gama ji, wanda ya ga har yanzu liƙe bututu ne, ga wuta nan, ga ƙarfe.

Sunana Umaru, amma in ka shigo Bodinga ka tambayi Umaru za a nuna maka mutum goma. Ka ce Umaru Salansa. A Sakkwato na koyi aikin, wurin wani dattijo, Malam Arzika, Allah ya jiƙansa, mutumin da bai iya yabo ba ko da kuskure. Na yi shekara guda cur a wurinsa bai bar ni na riƙe wuta ba. Aikina zuba kabaid, dutsen nan da ke ba da iskar wutar walda, a tulu, jan tukunyar iska, kankare tsatsa, sai kuma tsayuwa a bayan mota ina kallon hayaƙi yana tambayata me na gani. Ranar da ya fara ba ni walda, wata tsohuwar a-kori-kura ce bututunta ya tsage a tsakiya. Na zauna na tsara mata ɗinki mai kyau, har masu wucewa na tsayawa kallo. Malam Arzika bai ko dubi kyan ba. Ya ce a tada injin, ya dunƙule tsumma ya toshe bakin bututun, ya shiga ƙasa yana bin ɗinkin da bayan hannunsa. A can sama, inda ido ba ya kaiwa, ya ji iska na huro shi. Ya fito ya miƙo mini zarto.

“Yanke shi, ka sake,” ya ce. “Wanga hayaƙi da kab bari, cikin wa kaka son shi shiga?”

A lokacin na ɗauka tsabar mugunta ce irin ta iyayen gida. Na yanke ina ƙunƙuni, na sake ɗinkin har sau uku kafin ya gyaɗa kai.

Kayan aikinmu kaɗan ne. In ka cire tulun kabaid da tukunyar iska, sauran ba za su cika buhu ba: zarto, guduma, sufanu, tsumma, da kwanon ruwan sabulu na neman inda iska ke fita. Ragowar aikin kunne ne da ido. Tun mota na kwanar tasha nake sanin abin da ke damunta. In tana “tsit-tsit-tsit” da safe sannan ta yi shiru bayan ta ɗumama, ƙarfen da ke karɓar hayaƙi daga injin ne ya tsage. In tana gurnani a ƙarƙashin direba, mahaɗar tsakiya ce ta cinye. Hayaƙi shuɗi, injin na shan baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya saurin bajewa, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, ka shirya sauke kan injin. Waɗannan duk da sauƙi, don ana ganinsu. Mugun shi ne wanda ba shi da launi ba shi da wari, wanda ke shiga jinin mutum ya fara da sara masa kai, ya bi da jiri da amai, in aka daɗe ya kwantar da shi kwanciyar da ba tashi. Aikin bututun nan da kuke rainawa ke nan, ya ɗauko wannan guba daga injin, ya bi da ita har bayan mota, ya zubar da ita nesa da hancin mutane.

Lokacin da albasa ta fara yi wa mutanenmu rana, kowane dillali ya tashi sayen ƙaramar jif ɗin nan 'yar Beljiyam, mai goye da tayar safaya a ƙofar baya. Ba na ganin laifinsu. Tana da tsayi, tana shiga fadama, ba ta shan mai kamar manya, kuma in ka je ɗaurin aure da ita ana matsa maka. Amma a tsufe suke zuwa mana, sun gama ƙuruciyarsu a ƙasar wasu, kuma ciwonsu kusan iri ɗaya ne. Injin ya fara shan baƙin mai a hankali. Mai mota ba ya duba gejin mai sai fitila ta kama, in ta kama kuma ya manna mata baƙin salatif don kada ta dame shi. Man da ke ƙonewa ya je ya toshe tukunyar gaba, wadda ke tace hayaƙi, mai cikin nan kamar saƙar zuma da muke kira indomi. Daga nan mota ta rasa numfashi, ka taka totur har ƙasa tana nishi, injin na ɗaukar zafi. Maimakon a nemi asalin ciwon sai a ce a fasa tukunyar a zubar da cikinta. Mota ta yi ƙarfi na kwana biyu, mai ita ya yi ta sa wa makaniki albarka, bai san ya ƙara wa hayaƙinsa dafi ba.

Irin wannan jif ɗin, ruwan toka, ita Alhaji Sahabi ke da ita. Dillalin albasa ne daga wani ƙauye a bayan Dandin Mahe, kusan sa'ana, mutum mai fara'a da buɗaɗɗen hannu. Aibinsa guda ne, in ya riga ya yanke magana a ransa to kunnensa ya tafi hutu. Shekara huɗu ni nake duba masa motar. Ranar farko da ya kawo ta, robar da ke riƙe tukunyar baya ce ta tsinke, ya ɗaure da igiyar buhu, igiyar ta ƙone, tukunyar na jan ƙasa tun daga Shagari tana tartsatsi. Na sa sabuwar roba, na miƙe bututun, na ce ya rage lodi. Ya yi dariya. Shi a wurinsa zuwa Sakkwato da mota ba kaya asara ce, ko gaisuwar mutuwa za shi. Yakan cusa buhunan albasa a bayan kujera har ƙofar baya ta kasa rufuwa, ya bar ta a buɗe kamar taƙi biyu, ya ɗaure da igiya. Da damina kuma taki yake ɗauka, takin ya jiƙe ya zauna yana cin ƙarfen ƙasan motar. In ta yi nauyi ta shiga hanyar gona, bututun baya ya riƙa bugun kunya. Sau uku ina miƙe masa shi.

Sai aka shiga shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi. Ku da kuke ganin sana'ar nan kamar wasa, da a wannan shekarar kuka fara ta da tuni kun koma talla. Mutane suka jingine motoci suka koma babur da ƙafa. Nakan yi kwana huɗu ban kunna wuta ba, kabaid na lalacewa a gwangwani. A irin wannan lokaci ne kowa ke zama masanin injin. Wannan ya ce cire kaza mota za ta rage shan mai, wancan ya ce toshe kaza. Ga wasu baƙi na yawo gareji-gareji suna sayen cikin tukunyar gaba, don haka duk makanikin da yunwa ta taɓa sai ya gano cewa tukunyarka ta toshe ko da ƙalau take. Na ga motocin da aka lalata a wannan shekara sun fi waɗanda tsufa ya lalata.

Ana cikin haka, ranar wata kasuwar Bodinga, Alhaji Sahabi ya tsaya a gaban rumfata. Akwai mutane da yawa a kan benci, masu jiran mota da masu shan inuwa. Bai ko zauna ba.

“Umaru, yau aiki guda nika so. Ka hwasa tukunyag ga ta gaba, in huta da nishinta. Sannan ka yanke min wanga bututu daga nan.” Ya duƙa ya nuna daidai ƙarƙashin kujerar baya. “Shi na ka bugun kunya kullum. Ƙarhen banza, nauyi ɗai shika ƙara mata.”

“Alhaji, ba a yin haka,” na ce.

“Mi ah hana? Ko don kak ka rasa abin miƙewa duw wata?”

Mutanen benci suka kwashe da dariya. Shi da wasa ya faɗa, na sani, amma ni da na kwana huɗu ba aiki, maganar ta soke ni. A gaban jama'a an mai da ni mai ƙirƙirar gyara. Na ajiye sufana na ce, “To Alhaji, kai ta inda aka yin irin wanga aiki. Ni ban iya ba.” Na juya masa baya.

Nan ne nawa laifin, kuma har gobe ina jin haushin kaina a kansa. Na san abin da yanke bututun nan zai jawo, na san ƙasan motar ya riga ya fara hujewa, na san yadda yake barin ƙofar baya. Da na danne zuciya na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla, wataƙila ya ji, wataƙila kuma ya ƙi, amma da na fita haƙƙinsa. Ƙin yin mugun aiki rabin sana'a ne kawai. Ni na ƙi, na kama bakina, ina jin kaina wani mai gaskiya.

Ya wuce Shagari wurin wani mai waldar ƙofofi da tagogi. Aka ce ko rabin sa'a ba a yi ba an gama. Bayan nan tun daga nesa nake jin tahowarta, tana ruri kamar injin niƙa. In ya zo daidai rumfata sai ya danna ham sau biyu, ya ɗago mini hannu ta taga yana murmushi, wai in ga mota na gudu ba da ni ba. Nakan ɗaga masa nawa hannun, don gaisuwa ba ta faɗuwa, amma ban taɓa tsayar da shi ba.

Aka yi wata bakwai a haka. Wata Talata da hantsi, cikin bazara, ina ƙarƙashin wata bas sai na ji rurin nan ya taho, aka taka birki da ƙarfi a gindin dogon yaron da ke gefen rumfata. Alhaji ya diro ko takalmi bai gama sawa ba yana kiran a kawo ruwa. Na fito da gudu. A kujerar baya mahaifiyarsa ce, Inna Kulu, tsohuwa mai kusan tamanin, kanta ya langaɓe a kafaɗar matarsa Hajiya Balki. Ashe hawan jini ke damun tsohuwar, duk bayan mako biyu yake kai ta asibiti a Sakkwato. Ni na buɗe ƙofar. Wata iska mai nauyi ta bugi fuskata, idona ya yi yaji, ga warin albasa ya lulluɓe komai. Muka ɗauko tsohuwar muka shimfiɗa a tabarma. Matan da ke sayar da abinci a gefe suka zo da mafici da ruwa suna yayyafa mata. Na ji tsoro ƙwarai, don leɓenta ya saki kuma numfashinta sama-sama yake. Sai da aka ɗauki lokaci kafin ta buɗe ido ta yi salati.

“Alhamdu lillahi,” in ji Alhaji, yana share gumi. “Hawan jinin nan na. Duk tahiya sai shi tashi mata. Hal sau biyu likita na ƙara mata magani, sabadda kullum a galabaice taka isa.”

Hajiya Balki ta ce a hankali, ita ma duk ranar asibiti da ciwon kai take wuni, amma ta san warin albasa ne.

Tsohuwar ta ɗago hannu daga kwance. Muryarta ba ƙarfi, amma kowa ya ji.

“Ba albasa ta ba. Cikin albasa anka haihe ni. Motag ga ta. Tun kaka nika gaya mai, yac ce tsoron allura nika yi.”

Na kwanta na shige ƙarƙashin jif ɗin. Abin da na gani ya fusata ni ƙwarai. An yanke bututun da zarto a karkace, bakinsa ya ɗan kalli sama, daidai ƙarƙashin kujerar baya. Ƙarfen da ke samansa ya yi baƙi ƙirin, faɗin faifai. A cikin baƙin nan ga hujojin da taki ya ci, na tura yatsa a ɗaya sai ga shi ya taɓo dardumar cikin mota. Tukunyar gaba an farke ta an kwashe cikinta, an mayar an ɗinke da irin ɗinkin da ake yi wa ƙyauren shago, ta ƙasa sumul, ta sama ko taɓawa ba a yi ba. Na fito na duba ƙofar baya, a buɗe, a ɗaure da igiya, buhu biyar a ciki. Duk wanda ya san mota ya san in tana gudu ƙofar baya a buɗe, iskar da ke bayanta ciki take komawa, ta kwaso hayaƙi ta shigo da shi. Na danna makunnin gilasan baya, dukansu sun mutu tun tuni. Gilashin direba kaɗai ke sauke. Wato shi yana gaba iska na kaɗa masa riga, su suna baya a cikin tanda.

Na faɗa masa duka, wannan karon ban rage ko kalma ba. Ya saurare ni yana kallon agogon hannunsa.

“Umaru, hal yanzu ba ka huce ba? Wata bakwai nika tuƙa motag ga haka, ko atishawa ban yi ba. In da guba ciki, ni ba mutum na ba?” Ya juya wurin tsohuwar ya rage murya. “Inna, don Allah tashi mu tahi. In munka rasa layi sai wani mako.”

“Ban shiga,” ta ce.

“Inna, saura kaɗan mu isa.”

“Ka bar ni nan in mutu bisa tabarma, ya hi min.”

Ya dafe kai, ya dubi matarsa ya ce ta kama ta su tashe ta. Ba mugun ɗa ba ne, ku fahimce ni. Mutumin da ke barin kasuwa duk mako biyu don ya kai uwarsa asibiti ba a kiransa mugu. Ya dai tabbata a ransa cewa rigimar tsufa ce, kuma yana shirin sake rufe ta a wurin da ya sumar da ita, a kai ta har Sakkwato cikin wannan rana. Na san in ta sake shiga ba lallai ta fito da ƙafarta ba. Na zagaya na zare makullin daga jikin mota na jefa a aljihu.

Ba a yi wa mai mota haka, balle Alhaji, balle a gaban matarsa. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

“Ba ni makullina.”

“Ina ba ka, Alhaji. Amma tambaya guda. Tun da kas sai motag ga, ka taɓa zama baya?”

Wa ke zama a bayan motarsa? Shi ke tuƙi, in ma wani ya karɓe shi, gaba yake komawa.

“To shiga ka zamna inda Inna taz zamna,” na ce. “Ni in tuƙa, yadda kaka tuƙi, gilashina ƙasa. Mu kama hanyar Shagari mu dawo. In kad dawo lahiya lau, ni da kaina nika ɗaukar Inna in sa ta ciki, in roƙe ka gahwara gaban mutanen ga.”

Da yau ne, da asibiti zan fara tura tsohuwar kafin kowace gardama, kuma ba zan sa ɗan Adam ya shaƙi abin nan da gangan ba. Amma ranar zuciya ta riga ta ɗebe ni, kuma na san mutumin, ba abin da zai shiga kansa sai ta hancinsa. Mutane sun taru, ba damar ya ƙi. Ya tattara babbar rigarsa ya shiga baya yana murmushin raini, ya ja ƙofa ya rufe.

Muka kama hanya. Na saita madubi a kan fuskarsa, don ba kashe shi na fito yi ba. Da farko waya yake ta yi, yana ciniki da wani a kan buhu arba'in, yana dariya da ƙarfi don in ji. Can sai ya gajarta wayar. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya danna makunnin gilas, ya sake dannawa, ya tuna. Na gan shi yana murza goshi da yatsu biyu, yana lumshe ido yana buɗewa. Na tambaye shi ko in tsaya, ya ce in ci gaba, zafi ne kawai. Ko rabin hanyar Shagari ba mu yi ba na ji yana bugun bayan kujerata da tafin hannu, ba magana. Na gangara gefen titi na kashe injin. Kafin in zagayo ya buɗe ƙofa ya faɗo a kan gwiwoyinsa a bakin wata gonar da aka cire albasa, ya yi ta amai har ba abin da ya rage. Da ya yi yunƙurin miƙewa ƙafafunsa suka ƙi, sai da na riƙe shi.

Muka zauna a kan kunya yana shan iska. Na zuba masa ruwa a ka. Ya ɗago kai yana kallon motar.

“Minti nawa munka yi?” ya tambaya.

“Ba mu cika ashirin ba.”

“Daga gida zuwa Sakkwato ya hi awa.” Ya share baki da hannun riga. “Zuwa da dawowa.”

Na yi niyyar in gaya masa maganganu da yawa, wata bakwai ina tara su, har da na ham ɗin da yake danna mini. Da na ga fuskarsa sai duk suka tsere, tausayi ya kama ni, da kunyar nawa shirun. Na sauke buhu biyu na bar wa mai gonar amana, ƙofar baya ta rufu, na sa shi a gaba na sauke masa gilas, kansa a waje, muka dawo a hankali.

Ku da kuke cewa liƙe bututu ne, wanda ya yi wancan aikin ma liƙewa ya yi, kuma na tabbata har yau bai san abin da ya aikata ba. An ce ya yanke, ya yanke. An yaba masa da sauri. Ni kwana biyu na yi a kan motar daga baya, sabuwar tukunya, sabon bututu har bayan bamba, faci a ƙasanta, roba a ƙofar baya, sannan na tura shi wurin mai injin a magance shan baƙin man da ya fara jawo komai. Amma wannan duk daga baya ne.

Da muka iso rumfa, Inna Kulu ta tashi zaune ta jingina da dogon yaro, an ba ta kunu tana kurɓa. Mutanen ba su watse ba, kowa na jiran ya ga wanda zai roƙi gafara. Alhaji ya fito yana dafa mota, rigarsa duk ƙasa, ba hula. Bai dubi kowa ba. Ya tafi har gaban tabarmar, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

“Inna, gaskiyakki ta. Ki yahe min.”

Ta ajiye kofin ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Na ɗauka za ta yi faɗa, kuma wallahi da ta yi da na taya ta. Sai ta miƙa hannu ta dafa goshinsa.

“Nan shika sara ma?”

“Nan, Inna.”

“Da bayan wuya?”

“I.”

Ta gyaɗa kai, ta matsa gefe ta ba shi wuri a tabarmar.

“Kwanta nan inuwa. Kak ka sha ruwa da yawa, dawowa shika yi. Umaru, jiƙa mai tsumma ka aza mai ga ido.” Ta gyara masa wuyan riga. “Yi haƙuri, Sahabi. Sai bayan la'asar shika sakin mutum.”